Jaka a Baya, Daga Kwangila Zuwa Gwanja

(An rubuto wannan lacca daga muryar da aka naɗa a wani zama da ɗalibai suka shirya a Samaru, Zariya, ana gab da tafiya hutun ƙarshen shekara.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai da ke gaba, ina gaisuwa. Ƙannena ɗalibai, sannunku da haƙurin zama cikin wannan sanyi na hunturu.

An ce in yi magana a kan fita ƙasar waje mutum shi kaɗai, da jakar goyo a baya, a lokacin hutun Kirsimeti da sabuwar shekara. Da yawanku da kun ji haka, Turawan nan kuke hangowa masu gajeren wando da ƙatuwar jaka. To ni yau Gwanja zan kai ku, domin kakanninku sun riga Turawan nan tafiyar.

Fatake daga ƙasar Hausa sun yi ɗaruruwan shekaru suna bin hanyar goro zuwa Salaga, a ƙasar Gwanja da ke arewacin Gana ta yau. Ayari guda sai ya yi watanni a hanya, madugu na gaba, jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su dawo da goro. Inda duk suka yada zango, gari ya tashi. Har yanzu unguwar baƙi Musulmi a biranen Gana sunanta Zango, kuma Hausa ce harshen cinikinta. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da fataucin goro tsakanin Gana da Najeriya ya fara kafa dukiyarsa. Ba zan ɓoye muku ba, a kasuwar Salaga an sayar da bayi ma, kuma rijiyoyin da ake musu wanka suna nan. Wanda ya je ya kamata ya tsaya a wurin, ya yi shiru na ɗan lokaci.

Yanzu maganar takarda. An kafa ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Legas a 1975, kuma yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar shiga Benin ko Togo ko Gana ba biza, ya zauna har kwana 90. Abin da za ka riƙe shi ne fasfo mai rai, da katin nan mai ruwan ɗorawa na allurar shawara. Katin nan kada ka raina shi. A wata iyaka na ga an sauke wani saurayi daga motarmu saboda ba shi da shi, muka bar shi nan yana roƙo. Nijar da Mali da Burkina Faso kuwa sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, ga kuma matsalar tsaro a Sahel, don haka mai fara koyon tafiya ya bi ta bakin teku.

Ni daga Kwangila a nan Zariya na hau mota zuwa Legas. Daga can ka ƙetare a Seme, ka faɗa Kwatano, inda 'yan acaɓa ke sanye da riguna ruwan ɗorawa. Togo a bakin teku siririya ce, kafin ka gyara zama ka iso Lome, iyakar Aflawo kuwa a jikin garin take. Tsakanin Legas da Akra bai kai kilomita 500 ba, amma iyaka uku za ka ƙetare, kuɗi iri uku za ka taɓa: naira, sefa, sidi. Ka yi canji kaɗan-kaɗan, ka raba kuɗinka gida biyu, wasu a aljihu, wasu a ɗaure a jiki.

Ga inda nake so ku buɗe kunne. Disamba wata ne na cikowa a Akra. Tun 2019 da gwamnatin Gana ta gayyaci jikokin bayi daga Amurka da sauran ƙasashe su dawo ganin gida, garin yake ƙara cika a ƙarshen shekara, masauki ya yi tsada, wani wurin ma babu. Na isa bayan magariba, na zaga gidan baƙi uku, ko'ina a cike. Sai na ce wa mai tasi ya kai ni Nima, ɗaya daga cikin unguwannin Zango na Akra. Ina sauka na ji wata mata tana kiran yaronta da Hausa. Na shiga masallaci na yi isha'i, na haɗa da magaribar da ta same ni a hanya. Da aka sallame, wani dattijo mai sayar da goro ya dubi jakata, ya dubi hulata, ya ce, "Yaro, daga ina?" Na ce, "Baba, daga Zazzau." Ya kama hannuna bai saki ba. Ya ce kakansa Bakatsine ne, shi kuwa bai taɓa taka Najeriya ba. Ya aika aka kawo mini shinkafa da wake a cikin ganye, abin da mutanen Gana ke kira wace, sunan ma daga waken namu ya fito. Ya sa aka share mini ɗakin ɗansa. Kwana uku na yi a gidan, kullum da safe koko da ƙosai, kuma ranar da zan tafi da na miƙa masa kuɗi sai ransa ya ɓaci. Ya ce, "Baƙon masallaci ba a karɓar kuɗinsa." Turaren da na sayo a Sabon Gari shi ya yarda ya karɓa. Saboda haka ku riƙa tafiya da 'yar tsaraba, ko hula ko turare ko kilishi, ta fi kuɗi buɗe ƙofa.

Daga Akra na je Elmina, ginin da Turawan Fotugal suka kafa a 1482, na shiga ɗakunan ƙarƙashi inda aka tsare mutane kafin a loda su a jirgi. Sannan Kumashi, sannan Tamale. A gandun dajin Mole na ga giwa a ƙafa, mai gadi da bindiga yana gabanmu, ƙurar hunturu ta lulluɓe bishiyoyi kamar dai a nan gida.

(Tambaya daga wani ɗalibi: Malam, ba akwai hadisin da ya hana tafiya mutum shi kaɗai ba?)

Madalla da wannan tambaya, ƙanena. Akwai. A cikin Bukhari, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce da mutane sun san abin da ya sani game da kaɗaici, da matafiyi bai yi tafiyar dare shi kaɗai ba. Ni na ɗauki wannan da gaske, kuma a kansa na tsara tafiyata. Ban taɓa shiga daji ni kaɗai ba, ban bi hanyar da ba mutane ba, motar da na hau cike take da fasinja, kuma nakan yi ƙoƙari rana ta faɗi ina cikin gari. Kafin in bar gida sai da na durƙusa gaban mahaifiyata ta sa mini albarka, na kuma ba yayana hoton fasfona da jerin garuruwan da zan kwana. Kowane dare ina aika masa saƙo ta WhatsApp. Wanda iyayensa suka ce a'a, ya ajiye jakar sai wata shekara. Ga 'yan'uwanmu mata kuma akwai maganar muharrami, wannan ku zauna da malamanku da iyayenku a kai.

(Tambaya: Nawa mutum zai tanada?)

Ba zan ba ka adadi ba, don canji yana motsi kowane mako. Ka je tasha ka tambayi kuɗin mota na yau, ka lissafa zuwa da dawowa, ka ƙara masauki da abinci na kwanakin da za ka yi, sannan ka ɗora rabin jimlar a kai saboda tsadar Disamba. Kuɗin dawowa kuwa ka ware su daban tun daga Zariya, kada ka taɓa su ko da yunwa ta matsa. Na ga mai shirya zama yana nuna mini agogo, an kusa kiran la'asar. Wanda ke da sauran tambaya ya same ni a bakin masallaci.