Ƙaton Dodon Lantarki na Gidan Gem

(An kwafo wannan lacca daga rikodin na waya. Wani malamin kimiyya ne ya gabatar da ita bayan La'asar, a farfajiyar makarantar firamare ta wani ƙauye a ƙasar Ringim, jihar Jigawa. An rage tari da hayaniyar yara.)

Assalamu alaikum. Mai Gari, ranka ya daɗe. Liman, Allah gafarta malam. Iyayena da yayyena da ƙannena, barkanmu da yamma.

Da samarin nan suka ce in zo in yi magana, na ce musu a kan gem zan yi, sai suka ɗauka raha nake. Na ga ma Baba can ya gyara zama, kamar ya ce ashe wannan aka tara mu mu ji. Ka yi haƙuri Baba, ka ba ni minti kaɗan, za mu iso inda shanunka suke.

Ran kasuwar da ta wuce na tsaya caji a rumfar da yara ke buga gem, janareto na ta ƙugi a bayanta. Wani yaro, bai fi shekara goma ba, yana buga Mario, gem ɗin wani ɗan mutum mai wannan suna da ke tsalle yana taka dodanni. Can sai ga wata baƙar ƙwallo tana shawagi, tartsatsin wuta na fita daga jikinta. Yaron ya ja burki. Na ce masa ka taka ta mana, ai haka kake yi wa sauran. Ko kallona bai yi ba ya ce, "Malam, wannan ba a taka shi, ja yake." Ya jira ta wuce, ya bi ta bayanta. To wannan yaro ya san wani abu game da lantarki da na sha ganin manya masu gemu ba su sani ba.

Sunan wannan halitta Amp. Kamfanin Nintendo na birnin Kyoto a Japan ne ya ƙirƙire ta, kamfanin da aka kafa tun 1889 yana buga katin wasa na takarda. Amp ta fara fitowa a Super Mario 64 a 1996. Ba ta da hannu, ba ta da ƙafa, mafi yawan aikinta kewaye ne, ta zagaya turke ko wani dandali kamar akuyar da aka ɗaure. Ta sake fitowa a New Super Mario Bros. na 2006, sannan a Super Mario Galaxy na 2007, inda har da ƙatuwarta. A wannan na ƙarshe idan wuta ta ja Mario sai ka hango ƙasusuwansa ta cikin fata, yara su yi ta dariya. Kuma rai uku kacal yake da shi a ma'auninsa, ja uku ya tafi.

Sunan ma ba a banza aka sa shi ba. An yanko shi daga amfiya, ma'aunin yawan wutar da ke gudana a waya, ita kuma an sa mata sunan wani masanin Faransa, André-Marie Ampère, wanda ya rasu a 1836. Ku riƙe wannan kalma, za mu dawo kanta.

Me ya sa masu gem ke son kumbura dodo? Dalili na farko rowar wuri ce. Super Mario Bros. na 1985 gaba ɗayansa kilobayit 40 ne, hoto guda a wayarku ya ninka shi sau da yawa. Saboda ƙarancin wuri, gajimaren sama da ciyawar ƙasa a wasan zane ɗaya ne, launi kawai aka sauya. Super Mario 64 kuwa megabayit 8 ne. Wanda ya tashi cikin irin wannan tsimi ya san cewa maimakon ya zana sabon dodo, gara ya ɗauki na jiya ya hura shi. A Super Mario Bros. 3, wanda ya fito a Japan a 1988, duniya ta huɗu sukutum ta ƙatta ce: kunkuru ƙato, bututu ƙato, bulo ƙato.

Dalili na biyu ya fi daɗi. Ƙaton kunkuru, komai girmansa, tsalle ɗaya za ka yi ka dira a kansa. Girmansa ma sauƙi ne gare ka, wurin dira ya ƙaru. Amma abin da ba a taɓawa, idan aka ƙara masa girma, hanya aka rage maka. 'Yan aji uku, ku taya ni lissafi. Ƙwallo idan ka ninka faɗinta sau biyu, fuskar da take tarewa ta ninka sau nawa? (Murya daga baya: sau biyu!) A'a, sau huɗu. Cikinta kuma sau takwas. Saboda haka ratar da ka saba wucewa da gudu ta tsuke, tsallen da ke ƙetare ƙarama ba ya ƙetare babba. Ƙarfinka bai da amfani a nan. Sai ka tsaya ka karanci kewayenta, ka ƙirga, ka san lokacin da za ta ba ka baya. Ni a ganina wannan ya fi duk wani dodo mai aman wuta dabara, domin shi ke koya wa mai gaggawa zama.

Ba Mario kaɗai ba. A jerin wasannin Zelda, cikin Ocarina of Time na 1998, akwai wani ƙaton oga mai suna Barinade da ke zaune a cikin tumbin wani babban kifi yana harba lantarki. A Breath of the Wild na 2017 kuwa, idan hadari ya taso kana saɓe da takobin ƙarfe, aradu za ta faɗo maka, dole ka mayar da ƙarfen cikin jaka.

Mu ma ai muna da namu tun kafin Japanawa su zana nasu. Wa ya taɓa kama minjirya a nan? (Dariya.) Na ga hannaye. Ni ina ɗan shekara tara na bi yayyena su a fadama bayan ruwa ya ja, na tura hannu cikin taɓo ina murna na samu tarwaɗa. Jama'a, har kafaɗa na ji ta. Na fito ina ihu wai aljani ya mare ni. Babbar minjirya tana iya sakin abin da ya kai bolt 350, wato ma'aunin ƙarfin turin wuta, ya fi na soket ɗin gida da ke wajen 230. Kuma a wurinta, gaskiyar masu gem ce: gwargwadon girmanta, gwargwadon janta.

To daga nan ne ni da gem za mu raba hanya, domin akwai ƙarya uku da yake yi wa yaranmu, ba da mugun nufi ba.

A gem kana ganin wutar. Tana tartsatsi, tana ƙara, tana sanar da kai. Wayar da ta tsinke ta faɗo gonarka bayan iska sau da yawa ba ta yin ko ɗaya. Kwance take shiru kamar igiyar shanya. Layukan da ke ratsa gonakinmu a kan falwaya suna ɗauke da bolt 11,000 ko 33,000, manyan da ke kan dogayen ƙarafa masu shiga tashar Kumbotso a Kano 330,000 ne. Da ido ba za ka bambance mai wuta da marar wuta ba. Kada ma wani ya ce ai an ɗauke wuta tun shekaranjiya. Wanda zai dawo da ita ba zai aiko maka ɗan aike ba.

Ta biyu, gem ya nuna cewa babba shi ne abin tsoro, ƙarami ɗan ja ne kawai. Nan amfiyar nan ta dawo. Bolt ƙarfin turi ne, kamar tudun da ruwa ke gangarowa daga kansa. Amfiya kuwa yawan ruwan da ya ratsa ka. Ka raba amfiya ɗaya gida dubu, kashi talatin daga ciki idan ya bi ta ƙirji ya ɗan daɗe yana iya rikita numfashi da bugun zuciya. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60 yana shan fiye da ninki takwas na wannan. Kun ga ke nan 'yar wayar da aka jona da leda a rumfar caji ta isa ta kashe ƙato. Me ya sa minjirya ta bar ni da rai? Janta na ƙiftawar ido ne, ta saki. Wutar gida kuwa tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, tana sa naman hannu ya damƙe. Shi ya sa Bahaushe ya ce wuta ta riƙe shi. Ba ya son riƙewa, hannun ne ya ƙi buɗuwa. Busasshiyar fata tana ɗan tarewa, jiƙaƙƙiya kuwa tarewarta kaɗan ce ƙwarai, ga mu kuma da ƙafa ba takalmi a kan danshin damina.

Ta uku kun san ta. Mario yana da rai a ajiye.

Yanzu Baba, ga shanunka. Ka taɓa lura idan aradu ta faɗi kusa da garke, ko waya ta faɗo, shanu sun fi makiyayi mutuwa? Wuta idan ta shiga ƙasa bazuwa take yi, ƙarfinta na raguwa da nisa. Wanda ƙafafunsa ke nesa da juna, ƙafa ɗaya na wurin da ƙarfi ya yi yawa, ɗaya na wurin da ya ragu, sai wutar ta hau ta wannan ta sauka ta waccan. Saniya tsakanin ƙafar gaba da ta baya akwai tazara mai yawa, kuma zuciyarta na kan hanya. Tsuntsun da ke kan waya ɗaya kuwa ba abin da ke samunsa, domin bai haɗa ta da ƙasa ba. Saboda haka idan ka tsinci kanka kusa da wayar da ta faɗo, kada ka zabga gudu da dogon taku. Haɗa ƙafafu, ka riƙa jan su a ƙasa kaɗan-kaɗan har ka yi nisan mita goma, ka tsaya can ka hana yara da dabbobi matsowa. Idan wutar gida ce ta riƙe mutum, kashe ta daga makunni ko ka kashe janareto. In ba hali, busasshen icce. Kada ka kama shi da hannu, gawa biyu za a ɗauka. In kuwa babbar wayar falwaya ce, ko iccen ma kada ka gwada.

Aradu kuma, ku ƙirga tsakanin walƙiya da tsawa: kowace daƙiƙa uku kusan kilomita ɗaya ce. Ƙirga ta gajarta, a bar gindin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai a gona, a bar bakin ruwa, a shiga ɗaki.

(Wani dattijo ya yi tambaya, ba ta fito sosai a rikodin ba.)

Na'am Baba? Ko a hana su gem ɗin ne baki ɗaya? Wannan tsakaninka da jikokinka ne, ni ba zan shiga ba. Amma da za ka bi ta tawa, gobe ka leƙa rumfar, ka bar allon, ka duba bayansa, ka ga wayar da ta taso daga janareto ta bi ta ƙarƙashin bencin da suke zama, an naɗe mahaɗarta da ledar burodi. Na yi wa mai rumfar magana, ya ce zai sayo salatif ran kasuwa.

Na ji ladan na gyara murya. Sauran tambayoyi sai bayan Magariba, ina nan gindin darbejiya.