Likitan Gida Da Likitan Ciwon Daji A Shika: Wa Ke Riƙe Da Mara Lafiya?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Duk ɗan Zariya ya san idan aka ce an tura mutum Shika to magana ta girma, domin can ne asibitin koyarwa na ABU yake, kuma can ne sashen masu ciwon daji, inda ake yin kemo, wato maganin daji mai ƙarfi, da gashin daji da na'ura, mutane na zuwa daga Giwa, Soba, Funtuwa har da jihohi masu nisa. Amma fa kafin mutum ya kai can akwai wanda ya fara gani, shi ne likitan iyali, wannan da kake samu a asibitin gwamnati irin Gambo Sawaba na Ƙofar Gayan ko kilinik ɗin unguwa, shi ya san hawan jininka da sugarka. Matsalar ita ce da ya rubuta takardar turawa shikenan, sau da yawa ba ya sake jin labarinka.

Bari mu ɗauki misali. Baiwar Allah ce mai sankarar mama, an yi mata kemo ta koma gida, bayan kamar kwana goma sai zazzaɓi cikin dare, maigida ya ruga kemis aka haɗo maganin maleriya da farasitamol aka ce ta sha ta kwanta. To nan ne haɗarin yake wallahi, saboda kemo yana karya fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, kuma tsakanin kwana 7 zuwa 14 ne suka fi yin ƙasa, zafin jiki ya kai digiri 38 a wannan lokacin ba abin jira ba ne, gwajin jini take buƙata da allurar kashe ƙwayoyin cuta a daren. Da a ce likitan unguwarsu yana da takarda daga Shika mai ɗauke da sunan maganin, ranar da aka sa mata, da lambar da zai kira, ai kallo ɗaya zai yi ya gane.

Wannan shi ake nufi da haɗa likitan gida da na Shika aiki, takarda ta je kuma ta dawo. Ƙwararre ya tsara magani, likitan gida ya riƙe sauran, ya duba suga tunda akwai ƙwayar hana amai da ake haɗawa da kemo mai tayar da shi, ya kula da mai shan mofin, maganin rage zafin ciwo, kar bayan gida ya ɗaure masa, ya tabbatar mai shan tamoxifen, ƙwayar sankarar mama, ba ta gaji ta ajiye ba don shekara biyar ake yi ana sha, wasu ma fiye. Ba sai an biya kuɗin mota an bi layin kati tun asuba don abin da za a iya yi a Tudun Wada ba.

Sannan maganar zuwa da wuri. Mu nan an daɗe ana cewa daji ba ya son ƙarfe, kar a yi allura kar a yanka, sai a yi ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙe har ƙurji ya fashe. Ni a ganina ba likitan Shika ne zai kashe wannan magana ba, ai shi sai an zo yake gani. Likitan da ya yi wa mace awon ciki, ya duba 'ya'yanta, shi ne in ya ce Hajiya wannan ƙullutun a je a ɗebi tsoka a gwada, za ta ji, kuma shi zai iya zaunar da maigida ya yi masa bayani. Haka rigakafin HPV mai kare sankarar bakin mahaifa da Najeriya ta fara a Oktoban 2023 ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, a asibitin kusa da gida ake samu.

Af, kar na manta, akwai asusun tallafin masu ciwon daji na gwamnatin tarayya, na sankarar mama, bakin mahaifa da ta mafitsarar maza wato prostate, kuma Shika na cikin asibitocin da aka fara da su, ku tambaya a sashen. Ranar da za a sallami naku ku roƙi takardar bayanin magani, ku yi fotokwafi biyu, ɗaya ku kai wa likitanku na gida, ɗaya ta zauna a jakar mai jinya, ku kuma ɗauki hotonta a waya.