Lacca: matsalar ba a masta ta fara ba

To jama'a, mu ɗora daga inda muka tsaya a darasin haɗa waƙa a kwamfuta. Tambayar da aka fi yi min ita ce, malam me ya sa waƙata take tsagewa alhali na sauke masta? Masta dai ita ce layin ƙarshe da duk sautukan waƙa ke haɗuwa a kai kafin su fita. To ai tun daga bakin ƙofa matsalar ta shigo.

A kwamfuta akwai iyaka, 0 dBFS, wato ƙololuwar ma'aunin ƙarfin sauti da ake aunawa da dB, sauti ba ya wuce nan, duk abin da ya kai wurin sai a aske masa kai, tsagewar da kuke ji kenan. In wajen ɗaukar murya ne ka murɗa gen, wato maɓallin ƙarfin sautin da ke shiga, har mita ta yi ja, shi kenan ya zauna a cikin fayil, sauke feda, abin da ake ja a rage ƙarfin layi, ba zai cire shi ba. Kuma wallahi ba dalilin matsawa, ɗaukar sauti a tsarin 24-bit yana ba ka fili wajen dB 144 a lissafi, 16-bit kuwa wajen 96. Bar murya ta riƙa yawo a -18 a mita, in mawaƙi ya ɗaga ta taɓa -10 ko -6, ya isa.

Me ya sa -18? Saboda fulogin, wato ƙananan manhajojin gyaran sauti, da yawa masu kwaikwayon tsofaffin na'urorin situdiyo a nan aka saita su, in ka tura musu sauti da zafi sai su fara ƙona shi ba ka sani ba.

Na san wani zai ce ai manhajojin haɗa waƙa irin su FL Studio da Cubase suna aiki da 32-bit float, tsarin da ke barin sauti ya wuce 0, layi, wato hanyar kowane sauti, ba ya tsagewa ko ya yi ja. Gaskiya ne, a ciki. Amma ai dole sautin ya fito ta sifika, dole ka fitar da fayil, can iyakar tana jiran ka.

Yanzu ku ba ni hankalinku, nan ne ya fi damuna. Kunne yana yaudara, duk abin da ya fi ƙarfi sai ya ji kamar ya fi daɗi. Ka sa kwamfuresa, fulogin da ke danne wuraren da sauti ya yi ƙarfi, sauti ya ƙaru da dB 3, ka ce kai wannan fulogin ya yi, alhali ƙarfi kawai ya ƙaru, ka sa wani ya ƙara nasa, kafin ka farga layi talatin duk sun kumbura masta tana ja. Don haka duk fulogin da ka sa, daidaita abin da ke fita da abin da ya shiga, sannan ka kashe ka kunna ka saurara. In ba ka ji bambanci ba cire shi.

Kowa ya buɗe aikin da ya zo da shi, a mayar da masta kan 0, mu fara da ganguna.