Baba Ya Daina Haki Ya Fara Gyangyaɗi: Sauƙi Ne Ko Asibiti?

[Hoto: ƙurar hunturu, wata dattijuwa a bakin murhu]

Hunturu ya kama, masu tsohon ciwon huhu sun shiga uku. COPD nake nufi, wanda taba ke jawowa, haka ma shekarun shaƙar hayaƙin itace a madafa. Tari ya tsananta, kaki ya yi yawa, numfashi na sarƙewa. Mafi yawan irin wannan tashin a gida ake maganinsa: abin shaƙa na salbutamol, ƙwayar prednisolone mai rage kumburin hanyoyin numfashi na kwana 5, da maganin ƙwayoyin cuta in kakin ya koma kore. Likita ne zai rubuta fa, ba mai kemis na bakin layi ba.

[Hoto: tsoho a zaune, kansa na rinjaya]

To, ga inda ake tafka kuskure. Baba ya kwana yana haki, da asuba sai ya yi lamo, ya fara gyangyaɗi, gida ya ɗauka da alhamdu lillahi, a bar shi ya huta. Kar a bar shi! Wani lokacin gajiya ce ta ci ƙarfin ƙirjinsa, ya kasa fitar da gurɓatacciyar iska, wato kabon dayoksaid, ta taru a jini tana sa shi barci. Ki tashe shi, Hajiya. Ki tambaye shi sunan jikarsa. In ya rikice, ko idonsa ya sake rufewa kafin ya amsa, a nemi mota yanzu.

[Hoto: na'urar da ake maƙala wa yatsa]

Wannan 'yar na'urar da ke auna yawan oksijin a jini ma ta rikita mutane. Ga mai COPD, likitoci kan nemi ta nuna kashi 88 zuwa 92 cikin ɗari ne in suna ba da oksijin. Masu buɗe tulun oksijin har ƙarshe don su ga 99, ku bari, hakan na iya ƙara masa wancan barcin. Kuma yatsa mai sanyi na ba da lambar bogi, a baƙar fata ma na'urar kan nuna sama da gaskiya. Ni dai na fi yarda da fuskar mutum.

Sauran alamun tafiya asibiti a gurguje: ya kasa ƙarasa jimla ɗaya, leɓe ko harshe ya yi shuɗi-shuɗi, ƙafa ta kumbura, ciwon ƙirji, abin shaƙa ya daina aiki, ko ba mai kula da shi da dare. Ɗaya ma ta isa a tafi. Ku ɗauki duk magungunansa a leda, kuma a zaune za a kai shi, kar a kwantar da shi a bayan mota.