Jawabin Maraba ga Mai Martaba Sarki a Baje-kolin Tsofaffin Kuɗi da Taswirorin Tashar Jiragen Ruwa ta Legas

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai martaba Sarki, Allah ya ja zamaninka. Hakimai da 'yan majalisar da suka rufa maka baya. Malamai, iyayenmu da sauran manyan baƙi. A madadin kwamitin shirya wannan baje-koli, wanda ya ƙunshi tsofaffin ma'aikatan tashar jiragen ruwa da na banki da malaman tarihi, muna yi maka barka da sauka a Apapa, da fatan an sha hanya lafiya.

Ranka ya daɗe, za ka ga takardun kuɗi a hannun dama, taswirorin bakin teku a hagu. Da gangan muka haɗa su zaure ɗaya. A wancan zamani, bayan da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, gyaɗar da manomi ya noma ta bakin ruwan nan take fita, sulallan da za a biya shi kuma ta nan suke shigowa cikin akwatuna daga Ingila.

A 1912 aka kafa Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma, hedkwatarta a Landan, tana kula da Nijeriya, Gold Coast (Ghana ta yau), Saliyo da Gambiya. Ƙa'idarta mai tsauri ce: ba ta sakin fam ɗaya a nan sai an ajiye mata fam ɗaya na Ingila a can, wanda ya mayar da kuɗin kuma a biya shi daidai, bayan an cire ɗan lada. Sulallanta sun fito a 1913. Takarda ta biyo baya a 1916, lokacin da yaƙi ya sa azurfa ta yi wuya, jigila ta teku kuma ta zama kasada. Lissafin a fili yake: fam 100 sule 2,000 ne, nauyinsu ya haura kilo 11, alhali takardar fam guda ɗari aljihu ɗaya ya ishe ta.

Sai dai manomi bai karɓe ta da daɗin rai ba, kuma yana da hujja. Wanda asusunsa tukunya ce a binne ya san gara ba ta cin sule, gobara da yoyon ɗaki ma ba sa cinye shi. Har ta kai a wasu kasuwanni sai an rage wa takarda daraja kafin a canza ta da ƙarfe. A ganinmu tsarin ya tsare darajar kuɗi, amma ajiyar da aka tara a Landan aka juya ta, ba a nan ba, kuma yawan kuɗi a kasuwa ya rataya ga abin da aka fitar waje: kakar gyaɗa ta yi kyau kuɗi ya wadata, ta lalace ya ɓace. Haka aka tafi har Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki ranar 1 ga Yuli, 1959.

Allah ya taimake ka, sai batun ruwa. A da akwai tudun yashi a ƙarƙashin ruwa daidai inda tafkin Legas ke haɗuwa da teku, kuma ba ya zama wuri ɗaya. Idan ruwan tafki na fita ya yi karo da igiyar da ke shigowa, sai ta miƙe ta karye a kan tudun, abin ya fi muni da damina. Manyan jirage kan tsaya a waje, ko su wuce tashar Forcados da ke yankin Neja Delta, a sauke kaya cikin ƙanana. Maganin da aka yi shi ne gina katangun dutse biyu da suka miƙa cikin teku, ta gabas da ta yamma, da dutsen da aka fasa a Aro kusa da Abeokuta. Katangun suna matse ruwa ya ƙara gudu ya share yashi, jiragen yasa su kwashe saura. A watan Fabrairun 1914 jirgin wasiƙu Akoko ya shigo har ciki, a 1926 kuma aka buɗe matsayar jirage ta Apapa. Aikin ya bar baya da ƙura: yashin gaɓar nan daga yamma yake tafiya gabas, katanga ta tare shi, sai teku ta shiga cin gaɓar Bar Beach shekara da shekaru.

Har yau babban jirgi ba ya shigowa sai da jagoran tashar. Tutar G na nufin ana neman jagora, tutar H na nufin ya hau. Kafin a motsa, yakan duba zurfin da jirgin ya nutse, ya gwada da zurfin hanya da lokacin cikar ruwa, ya bar rata a ƙarƙashi. Wurin da ake yawan kuskure shi ne ruwan ciki bai kai na teku gishiri ba, don haka jirgi kan ƙara nutsewa da ya shigo, gudu a wuri mara zurfi kuma yana ƙara jan gindinsa ƙasa. Mai shigowa yana barin jajayen alamomi a hagunsa, koraye a damansa. Da hunturu, hazon da ya taso daga Arewa kan rufe su.

Ranka ya daɗe, roƙonmu ɗaya ne. A gidajen tsofaffin fatake da dillalan gyaɗa na masarautarka akwai anini mai huda, taro, sisi, fataka, da rasit da littattafan ciniki na ajami da ke lalacewa a adaka. Muna roƙon ka sa baki a ba da aronsu a ɗauki hotonsu, a mayar wa masu su.

Yanzu muna gayyatar mai martaba ya yanke ƙyalle, ya fara zagayen daga teburin takardun 1916. Allah ya ƙara wa Sarki lafiya.