Darasi: Kafin Ka Sayi Gidan Haya Na Farko

Assalamu alaikum, masu kallo da masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau kan gidan haya za mu zauna, kuma da mai ƙaramin ƙarfi nake magana, wanda ya daɗe yana tara ɗan abin da ya samu, yana fatan ya mallaki gida ɗaya ya zuba 'yan haya. Wanda yake da takarda da biro a kusa ya jawo su, don akwai lissafi a gaba.

Tambayar da aka fi yi mini ita ce, "Malam, na ga wani gida mai kyau, in saya?" Ni kuma sai in ce, nawa ake biyan haya a wannan layin? Yawanci sai mutum ya yi shiru. Ya ga fenti, ya ga ƙofa mai sheƙi, zuciyarsa ta riga ta tafi. To ɗan'uwa, ba kai za ka kwana a ciki ba. Kai abin da kake saye shi ne kuɗin da gidan zai riƙa kawo maka, bayan ya cinye nasa kason. Gida yana da ciki, yana ci, ko da mutum a ciki ko babu.

Bari mu yi lissafin tare. Lambobin nan misali ne kawai, kowa ya sa na ƙasarsa da na garinsu. Mu ɗauka kuɗin gidan 1,200 ne, hayarsa kuma 10 a wata, wato 120 a shekara. Dillali zai ce maka, "Ka gani, kashi 10 cikin 100 kake samu duk shekara." A baki haka ne. Amma rubuta wannan. Kafin mabuɗi ya shigo hannunka ka biya lauya, ka biya la'adar dillali, ka biya kuɗin canja suna a takardu: mu ce 100. Ka gyara abin da tsohon mai gidan ya bari a lalace: wani 100. Ashe jarinka 1,400 ne, ba 1,200 ba.

Yanzu koma kan 120 ɗin nan. Ɗan haya ya tashi, gida ya yi wata guda a rufe kafin wani ya shiga: cire 10. Famfo ya fashe, makulli ya karye, an toshe magudanar ruwa, an sake fenti: cire 15. Haraji da inshora: cire 10. Idan wani ne yake kula maka da gidan yana karɓo haya, shi ma yana da nasa: cire 10. Sai manyan abubuwa da ba sa zuwa duk shekara amma dole su zo, kamar sauya rufi ko wayoyin lantarki: ware 5. Nawa ya rage? 70. Raba 70 da 1,400, za ka ga kashi 5 cikin 100. Kun gani ko? Goma ta koma biyar, kuma babu wanda ya cuce ka, haka harkar take. Ƙananan masu gidajen haya a Amurka suna da wani ƙiyasi da suke yawan amfani da shi, cewa ka ɗauka kusan rabin hayar zai tafi a hidimar gidan, ban da biyan bashi. Ƙiyasi ne, ba doka ba, amma yana hana mutum yaudarar kansa.

Ba ina nufin kashi 5 ba shi da amfani ba. Gida yana iya ƙara daraja da shekaru, haya ma tana tashi, kuma dukiya ce da kake gani da idonka. Abin da nake so shi ne ka shiga da sanin gaskiyar lambar, sannan ka gwada ta da abin da kuɗin zai kawo maka in ka sa shi a wata sana'ar.

To idan da bashi za ka saya fa? A nan ne mutane da yawa suke faɗawa rami. Ci gaba da misalinmu: ka ciyo bashin 800, kuɗin ruwa kashi 10 a shekara. Ruwan kaɗai 80 ne, ba a ma taɓa uwar kuɗin ba, alhali gidan 70 yake ba ka. Ke nan duk shekara daga aljihunka kake ciyar da gidan. Wani zai ce, ai farashin gida ba ya faɗuwa, zan sayar in ci riba. Wannan tunanin ne ya jefa jama'a cikin masifa a Amurka kafin shekarar 2008. Mutane sun ci bashi mai ruwan da ke canjawa, ruwan ya hau, farashin gidaje ya faɗi, miliyoyin iyalai suka rasa gidajensu, rikicin ya girgiza tattalin arzikin duniya. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Wanda kuma yake guje wa kuɗin ruwa, akwai tsarin da banki yake shiga tarayya da kai a mallakar gidan kana sayen kasonsa a hankali, ko ka haɗa jari da wani amintacce. Amma ko a nan lissafin bai canja ba: abin da za ka biya duk wata kada ya wuce abin da gidan yake bari a hannunka. Kuma in haɗin gwiwa ne, ko da ɗan'uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya, a rubuta kason kowa.

Maganar wuri ba zan ja ta ba. Ɗan haya kusa da abin rayuwarsa yake nema: wurin aiki, makarantar yara, hanyar mota, ruwa, tsaro. Ƙaramin gida a inda ake rububinsa ya fi katafaren gini a inda babu mai zuwa. Kuma na farkonka, ina ba ka shawara ya kasance inda za ka iya zuwa da ƙafarka ka dawo a yini ɗaya.

Sai takardu. Don Allah a saurare ni da kyau a nan, domin kuskuren lissafi yana rage riba ne, kuskuren takarda kuwa gidan gaba ɗaya yake tafiya da shi. Takardar da mai sayarwa ya nuna maka ba ta isa hujja ba. Ka ɗauki lauyanka, naka na kanka, ba wanda mai sayarwa ko dillali ya kawo ba, ya je ofishin rajistar filaye ya bincika. Sunan wa ke kan gidan? An jinginar da shi a banki? Akwai shari'a a kansa? In na gado ne, duk magada sun yarda, ko mutum ɗaya ne ya yi gaban kansa? Iyakar da ke takarda ita ce iyakar da ke ƙasa? An yi ginin da izinin hukuma? Duk wanda ya ce maka, "Yi sauri, akwai wani mai saye gobe," ka bar wa wancan ɗin. Kada ka yi cinikin biri a sama.

Duba ginin kuma, bari in ba ku abin da ya faru da ni. Gidana na farko na je na gani da rana tsaka, sama garau, an yi masa sabon fenti fari tas. A kusurwar ɗaki ɗaya na lura fentin ya ɗan kumbura, kamar fatar da ta ƙone. Na sa yatsa na danna, na ji laushi, amma na ce ƙaramin abu ne. Ruwan sama na farko da aka yi bayan ɗan haya ya tare, da tsakar dare ya kira ni. Na je na tarar matarsa ta jera bokitai uku a tsakar ɗaki, an jingine katifar yara a bango tana ɗiga, ƙaramin yaron yana barci a kafaɗar uban. Kunyar da na ji a daren nan har yau ban manta ba. Katakon rufin ya riga ya ruɓe, kuma gyaransa ya cinye hayar wata bakwai. Tun daga ranar ba na sayen gida sai na zo da magini da mai aikin lantarki da mai gyaran famfo, na biya su kuɗin yininsu, sun hau sama sun leƙa ƙasa. Ku duba tsagewar bango, musamman wadda ta tafi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, don tana iya nuna harsashin ginin yana motsi. Ku kunna kowane famfo. Ku shinshina ɗakuna, warin danshi ba ya ɓuya. In da hali ku koma bayan an yi ruwa, ku ga inda yake kwanciya. Ku tambayi maƙwabta, su ba su da abin sayarwa.

An saya, an gyara. Saura mutumin da zai shiga. Gida a rufe yana sa mai shi gaggawa, kuma gaggawar nan ce take kawo ɗan hayar da zai sa ka zaman kotu. Wata guda babu haya ya fi sauƙi a kan shekara guda ana rigima. Ka zauna da mutum, ka san sana'arsa, ka ga ko abin da yake samu zai ɗauki hayar ba tare da ya shiga ƙunci ba. Ka nemi jin ta bakin mai gidan da ya baro. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Amma ma'auninka ya tsaya kan iya biya da riƙon amana. Kada ka kori mutum saboda ƙabilarsa ko addininsa ko launin fatarsa. Zalunci ne, kuma a ƙasashe da yawa laifi ne a gaban doka.

Yarjejeniya a rubuce, kowa ya sa hannu, da shaidu. Nawa ne haya, ranar biya, tsawon zama, wa ke gyara me, mutum nawa za su zauna, wa'adin da za a bayar kafin tashi ko ƙarin kuɗi. Ranar da zai tare ku zagaya tare, ka ɗauki hoton kowane ɗaki da waya, ku duka ku ajiye. In ka karɓi kuɗin ajiya na ɓarna, ka san amana ce a hannunka, ba riba ba, ranar tashi ka mayar da abin da ya rage. Duk kuɗin da aka biya ka ba da rasit. Kuma ka nemi sanin dokar haya ta inda gidan yake tun kafin rigima ta taso. A wurare da yawa mai gida ba shi da ikon cire ƙofa, ko yanke wuta da ruwa, ko watsar da kayan mutum a waje, ko da ana bin sa bashi. Hanyar ita ce sanarwa a rubuce, sannan kotu.

Wani abu da yake damuna da wasu masu gidaje: ranar karɓar haya wayarsu a kunne take, ranar da bayan gida ya toshe kuwa ba a samunsu. Wannan gida da kake kira jari, a wurin wani nan ne 'ya'yansa suke kwana. Ka amsa kira, ka yi gyara da wuri. Ɗan hayar da ya ji daɗin zama yana daɗewa, yana kula da gidan kamar nasa, kuma ka tuna 10 ɗin da muka cire na watan da gida yake rufe: zamansa ne yake mayar maka da ita.

Shi ya sa nake cewa kada ka zuba duk abin da ka mallaka a saye. Ka bar ajiya a gefe, ni a nawa ra'ayin aƙalla hayar wata shida, a asusu daban da na cefanen gidanka. Hayar ma can za ta riƙa shiga, daga can gyara zai riƙa fita, kana rubuta komai a littafi ɗaya.

Ga aikin da zan ba ku kafin mu sake haɗuwa. Kowa ya zaɓi unguwa ɗaya da ya sani. Ya nemo gidaje uku da aka sa a kasuwa, ya tambayi mutanen da ke haya a layin nawa suke biya, su da kansu, ba dillali ba. Sannan ya yi lissafin da muka yi ɗazu, layi bayan layi, har ya fitar da kasonsa cikin 100. Ku turo mana abin da kuka samu, a darasi na gaba da lambobinku za mu yi aiki, mu kuma shiga maganar yadda ake tsayar da kuɗin haya da lokacin da ya dace a ƙara shi. Sai mun haɗu, wassalamu alaikum.