Dala Ɗaya Daga Reshe, Dala Uku Daga Tarayya: Yadda Ake Biyan Kuɗin Gyara Dajin Barewa a Amurka

Akwai wani zauren gwanjo a baje-kolin farauta na birnin Salt Lake, a jihar Utah ta ƙasar Amurka, kuma mutumin da ke kan dandamali yana kiran farashi ba gida yake sayarwa ba, ba kuma mota ba. Takardar izini ce guda ɗaya, wadda ke bai wa mai ita damar farautar namijin barewa ɗaya tak a jihar Arizona. A watan Fabrairun 2023 an sallama irin wannan takarda a kan dala 725,000. Duk lokacin da hoton gwanjon ya sake zagayowa a wayoyin jama'a, tambayar da ke biyo shi ba ta canzawa: ina kuɗin ke tafiya, kuma ta wace hanya kuɗin mafarauta ke komawa amfanin dabbar da suke farauta?

Mutane da yawa sun ɗauka cewa ana tara kuɗin ne a daren biki, washegari a ɗora su a mota, a sayo ciyawa a kai wa barewa. Ba haka abin yake ba, kuma tsakanin daren bikin da ranar da aiki ke farawa a daji akwai mataki guda da kusan kowa ke tsallakewa. A kansa za mu daɗe.

Da farko ga dabbar da ake magana a kanta. Tana da manyan kunnuwa. Girmansu ne ya sa Amurkawa suka raɗa mata suna barewa mai kunnen alfadari, kuma tana zaune ne a yammacin ƙasar, inda duwatsu da hamada suka haɗu. Da zafi ya shigo sai ta hau tsaunuka neman ɗanyen ganye, da ƙanƙara ta fara sauka sai ta gangaro kwari. A jihar Wyoming akwai garken da ke tafiyar mil 150, wato kimanin kilomita 240, daga yankin Red Desert zuwa kwarin Hoback, sannan ya dawo ta hanyar da ya bi, shekara bayan shekara. Ɗan barewa a bayan uwarsa yake fara bin wannan hanya, kuma da ya girma da wuya ya sake ta. Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya rarrafa, kuma a nan maganar ta zo daidai har a zahiri. Ma'anar wannan ga masu aikin kiyaye daji ita ce, shinge ɗaya da aka kafa a wurin da bai dace ba yana iya cutar da zuriya guda.

Ƙungiyar da za mu ɗauka misali ita ce Mule Deer Foundation, wadda aka kafa a 1988 a garin Redding na jihar Kalifoniya, hedikwatarta kuma yanzu tana Utah. Ƙarfinta ba a hedikwata yake ba. Yana cikin rassanta na ƙananan garuruwa, waɗanda 'yan sa-kai ke tafiyarwa ba tare da albashi ba: makiyaya, malaman makaranta, masu shaguna, ma'aikatan da suka yi ritaya. Sau ɗaya a shekara kowane reshe yakan shirya liyafar cin abinci. Ana sayar da tikitin shiga, 'yan kasuwar gari su sayi teburi sukutum, a yi gwanjon bindigogin farauta da zane-zane da kayan zango, a kuma jefa ƙuri'a a kan wasu kyaututtuka. Wannan salo ba su suka fara shi ba. Ƙungiyar kare agwagin daji ta Ducks Unlimited, wadda ta samo asali tun 1937, ta daɗe da shahara da shi, haka ma ƙungiyar Rocky Mountain Elk Foundation, mai kare wata babbar barewa da ake kira elk, da aka kafa a 1984. Ba za mu tsaya a kan yadda daren yake ba.

Abin da kyamara ba ta ɗauka shi ne lissafin washegari. Adadin da aka sanar a lasifika ba shi ne ribar ba. Sai an cire kuɗin hayar zaure, da na abinci, da na kayan da aka sayo don gwanjo, kafin a san abin da ya rage. Daga cikin ragowar, kaso mafi girma yana tafiya asusun ƙungiya na ƙasa, wani kaso kuma ana ware shi da sunan reshen domin ya zaɓi aikin da za a yi a yankinsa. Ko wannan kason ma ba a aljihun shugaban reshe yake zama ba, kuma reshe ba ya da ikon ɗaukar gatari ya shiga daji don kawai yana da kuɗi. Babban ɓangare na ƙasar da barewar nan ke kiwo a kai mallakar gwamnatin tarayya ce, ƙarƙashin hukumar kula da filaye ko hukumar gandun daji, dabbar kanta kuwa hukumar namun daji ta jiha ce ke da alhakinta. Dole ne masanin dabbobi na jiha ya duba shawarar aikin, dole ne mai filin ya amince, kuma a filin tarayya dole ne a yi binciken tasirin muhalli da doka ta wajabta tun 1970.

Yanzu mun iso wurin da ake yawan ruɗewa.

A shekarar 1937 majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar da ake kira Pittman-Robertson, da sunan 'yan majalisa biyu da suka ɗauki nauyinta. Dokar, tare da gyare-gyaren da aka yi mata daga baya, ta keɓe harajin da ake karɓa daga masu ƙera makaman farauta: kashi 11 cikin ɗari a kan dogayen bindigogi da harsashi da kwari da baka, kashi 10 a kan ƙananan bindigogin hannu. Ana tara wannan haraji a asusu na musamman, a raba wa jihohi bisa ma'auni biyu, rabi gwargwadon faɗin ƙasar jiha, rabi gwargwadon yawan mutanen da suka sayi lasisin farauta a cikinta. Sai dai rabon ba kyauta ba ce da ake turawa kai tsaye. Gwamnatin tarayya ba ta biyan fiye da kashi 75 cikin ɗari na kuɗin kowane aiki, sauran kashi 25 kuwa wajibi ne ya fito daga wata hanya wadda ba ta tarayya ba. Ƙari a kan haka, jiha ce ke fara kashe kuɗinta, ta kawo takardun shaida, sannan a mayar mata. Wanda ya san yadda hukumar ilimin bai-ɗaya ta Najeriya ke riƙe tallafinta har sai jiha ta ajiye nata kason, ya riga ya fahimci ginshiƙin tsarin.

Bari mu yi lissafin a kan allo, da adadin da muka ɗauka a matsayin misali kawai. A ce gyaran wani yanki na dajin da barewa ke zama a cikinsa lokacin hunturu zai ci dala 100,000. Tarayya a shirye take ta biya 75,000. Amma wannan 75,000 ba za ta motsa daga inda take ba sai an nuna 25,000 da ba ta fito daga baitulmalin tarayya ba. A nan ne kuɗin liyafar ƙaramin gari ke samun darajar da ta fi girmansa: kuɗi ne na jama'a, ba na tarayya ba, don haka doka ta yarda a lissafa shi cikin wancan kashi 25. Dala ɗaya da aka samu daga gwanjon zanen barewa tana iya buɗe ƙofa ga dala uku. Idan kuwa jiha ta kasa nemo nata kason, rabonta ba ya jiran ta har abada. Bayan shekara biyu abin da ba a ɗaure wa wani aiki ba yana komawa tarayya, a karkatar da shi ga kiyaye tsuntsaye masu ƙaura.

Akwai gyara guda da ya kamata in yi kafin wani ya ɗauki maganar fiye da inda ta tsaya. Ba kowace dala ta reshe ce ke haifar da uku ba. Yawancin kason jihohi daga kuɗin lasisin farauta yake fitowa, kuma rabon kowace jiha yana da iyaka a shekara. Wasu asusun tallafi kuma dala ɗaya suke nema a kan kowace dala, ba ɗaya a kan uku ba. Abin da ya sa kuɗin reshe ke da muhimmanci shi ne yana isowa da wuri, ba ya ɗauke da sharuɗɗa masu yawa, kuma sau da yawa shi ne ke cike giɓin ƙarshe da ya hana aikin da aka riga aka tsara tashi. A Utah an mayar da wannan haɗa hannu tsari na dindindin, inda hukumomin jiha da na tarayya da ƙungiyoyi da masu filaye ke zuba kuɗi cikin shiri ɗaya na farfaɗo da ƙasa, a tantance ayyuka, a jera su bisa muhimmanci.

Kuma ba tsabar kuɗi kaɗai ake ƙirgawa ba. A wurin aiki akwai takardar da kowane ɗan sa-kai ke sa wa hannu kafin ya ɗauki filaya. Sa'o'in da 'yan sa-kai suka yi suna aiki ana ƙiyasta su da kuɗi, a sa su cikin kason da ba na tarayya ba. Ni a ganina wannan ne ɓangaren tsarin da ya fi adalci, domin mutumin da ba ya da halin ɗaga hannu a wurin gwanjo yana iya ba da ranar Asabar ɗinsa, kuma gumin nasa ya shiga littafi ɗaya da kuɗin attajiri.

To, me ake yi da kuɗin?  Ana sare bishiyoyin da suka mamaye filin kiwo suka shanye ruwan ƙasa. Ana dasa ƙananan tsirran da barewa ke dogara da su a hunturu a wuraren da gobara ta cinye, kafin wata baƙuwar ciyawa mai saurin kamawa da wuta ta rigaye su. A busassun wurare ana kafa rufin kwano mai tara ruwan sama zuwa tankin da dabbobi ke sha. Abin da ba a cika yi ba shi ne abin da mutane suka fi zato, wato kai ciyawa. Cikin barewa ba ya saurin sabawa da sabon abinci, har takan mutu da tumbi cike da busasshiyar ciyawar da ta kasa narkarwa, kuma tara dabbobi a wuri ɗaya yana yaɗa cuta.

Aikin da na fi so ku lura da shi da kyau shi ne na shinge. Tsohon shingen makiyaya yana da wayoyi masu ƙaya, na sama biyu kusa da juna. Idan barewa ta yi tsalle ƙafarta ta baya ta shiga tsakaninsu, wayoyin sai su murɗe su kama ta, ta rataya a nan har ta mutu, ɗanta kuma da ba ya iya tsalle ya tsaya a gindin shingen. Gyaran ba shi da wuyar fahimta: a sauke wayar sama zuwa inci 42 ko ƙasa da haka, a bar tazarar inci 12 tsakaninta da mai bi mata, a cire wayar ƙasa a sa marar ƙaya, a ɗaga ta inci 16 zuwa 18 daga ƙasa domin ƙanana su sunkuya su wuce. Shanun makiyayi suna nan a tsare, hanyar barewa kuma ta buɗe. Mil bayan mil ake yin wannan, da hannu.

Mu koma zauren da muka fara da shi. Waccan takarda ta dala 725,000 ba daga liyafar reshe ta fito ba, kuma bai kamata a gauraya su ba. Jiha ce ke ware 'yan takardun izini kaɗan ta bai wa ƙungiyoyi su yi gwanjonsu, kowace jiha da ƙa'idarta. A Arizona kuɗin gaba ɗaya yana komawa hukumar namun daji. A Utah ƙungiya tana riƙe kashi 10 don hidimarta, kashi 30 ya tafi hukuma kai tsaye, kashi 60 kuma a kashe shi a kan ayyukan da hukumar ta amince da su. A wannan baje-koli ne kuma, a Fabrairun 2018, sakataren harkokin cikin gida na lokacin, Ryan Zinke, ya sa hannu a kan umarni mai lamba 3362, wanda ya sa hukumomin tarayya su fifita hanyoyin ƙaura da dazukan hunturu na manyan namun daji a jihohin yamma. Akwai mafarauta da dama da ba sa jin daɗin gwanjon, kuma ina ganin damuwarsu tana da tushe: dabbar daji a dokar Amurka amanar al'umma ce, kuma talaka yakan shekara da shekaru yana jiran ƙuri'a ta faɗo kansa kafin ya sami izinin da mai kuɗi ya saya a dare ɗaya. Kuɗin yana gyara daji, wannan gaskiya ne, amma hakan bai rufe tambayar ba.

Haka kuma gyaran daji ba ya hana annoba. Hunturun 2022 zuwa 2023 ya yi tsanani a yammacin Wyoming har ya kashe babban kaso na garken da ke can, musamman ƙanana. Babu liyafar da za ta tsayar da ƙanƙara. Abin da aikin ke yi shi ne ya sa uwar da ta tsira ta sami ganye mai kyau a lokacin bazara, ta yi ƙiba, ta haifi ɗa mai ƙarfi, sannan ta iske hanya a buɗe idan lokacin gangarowa ya yi. Waɗanda ke naɗe tsohuwar wayar shinge a kan ƙarfe a wurin aiki su ne mutanen da suka jera kujeru a zauren liyafa watanni kaɗan da suka wuce. Da yamma kowannensu zai rubuta sa'o'insa a takardar 'yan sa-kai, a miƙa ta ga masanin dabbobi na jiha, shi kuma ya haɗa ta da sauran takardun da zai aika domin a mayar wa jiha kason tarayya.